Shekarar da Ruwan Rafi Ya Tsaya

Su biyu rak uwarsu ta bari a duniya, kuma duka mata. Babbar, Yaya kowa yake ce mata, har tsofaffin da suka girme ta nesa ba kusa ba, don tun ƙanwarta na koyon magana ta laƙaba mata sunan, ya bi ta har gidan miji. Ƙanwar kuwa Auta ce. Rafi ɗaya suke sha. Auta ta yi aure can sama, inda ƙasa take a shimfiɗe ana noma. Yaya ta yi nata a ƙasa, unguwar masunta, inda rafin yake lanƙwasa ya yi zurfi kafin ya gangara ya faɗa babban kogi. In mutum ya karya kumallo ya bi gaɓa da ƙafa, kafin rana ta yi zafi ya isa.

Mijin Yaya masunci ne, ana ce masa Dogo, alhali in sun jera da ita sai an duba da kyau kafin a gane wanda ya fi wani tsawo. Abokan wasa ne suka sa masa tun yana yaro, bai taɓa jin haushi ba. Shi ke kamowa, ita ke gyarawa ta yi banda a murhu biyu na laka da ke bayan ɗaki. 'Yarsu ɗaya ce, ta yi aure a birni. Saboda haka gidan daga shi sai ita, sai ƙaurin hayaƙi da ya kama zannuwanta, ya kama labule, ya kama har matashin kai.

Rayuwarsu rafin take bi. Da damina, in ruwa ya taso ya yi ja, kifi sai ya hauro daga kogi, ya bi ruwan cikin ciyayin fadama ya zuba ƙwai. In ruwa ya ja baya, manya da 'ya'yansu su koma gurabe masu zurfi su yi zaman rani. Komai tsananin rani rafin ba ya yankewa. Kullum akwai wani siririn ruwa, iyakarsa idon sawu, yana bi ta kan tsakuwa daga wannan gurbi zuwa wancan. Gurbin da ya fi duka zurfi yana bayan gidansu, ƙarƙashin wani tsohon ɓaure. Masuntan unguwar ba sa jefa taru a cikinsa da rani. Nan ne iri, in ji su. Abin da ya kwana rani a nan shi zai cika rafin in damina ta faɗi.

Mijin Auta gyaran injin ban-ruwa yake yi a wata rumfa a bakin titi, shi ya sa ake ce masa Makanike. Da mahaifinsa ya rasu ya gaji fili a gefen rafi, sai ya ce ya gaji da gyara injin mutane suna kwasar albasa yana kallo, shi ma noman rani zai yi. Ran nan da yamma suka zo gidan Yaya shi da Auta a kan babur, aka shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida.

"Ga ƙanwata mai kunnen ƙashi," in ji Dogo, yana ɗinkin taru. "An zo cinye mana kifi ke nan."

"Ni kifin da ya fi ka tsawo nake jira ka kamo, Yaya Dogo," in ji Auta. "Na ga ba zai yi wuyar samu ba."

Aka yi dariya. Bayan an sha ruwa Makanike ya faɗi abin da ya kawo shi. Ruwan rafin ya yi ƙasa, bakin injinsa yashi yake zuƙa. Ya jera buhunan yashi don ya tare ruwan ya ɗan taru, amma ruwa ya bi ta ƙasa ya zare su.

"Kai ka san cikin rafin nan kamar tsakar gidanka, Yaya Dogo. Ka nuna min inda ƙasan take da ƙarfi."

Dogo ya ci gaba da ɗinkinsa. Sai da ya ƙulle zaren ya yanke da haƙori, sannan ya ce, "Zan nuna maka. Amma ka bar kafa a gefe, ko faɗin bakin bokiti ne, ruwa ya riƙa wucewa. Mu na ƙasa da wannan ɗan ruwan muke rayuwa. In ya daina tafiya gurbi ɗumi yake yi, abin da ke ciki ya rasa numfashi."

"Haba, wannan ai mai sauƙi ne," in ji Makanike.

Dogo da kansa ya je. Ya tuɓe riga ya shiga rafin yana taka ƙasa da diddige, har ya sami inda laka ta daskare kamar daɓe. Tare suka cika buhuna, tare suka jera, shi ya gwada faɗin kafar da hannunsa. Ya dawo gida da ciwon baya, Yaya ta gasa masa da ruwan zafi tana yi masa tsiya, wai masunci ya koma leburan manomi.

Abin ya karɓi Makanike. A wannan ranin albasarsa ta yi kai, tumatir ya yi ja har ana tsayawa kallo daga kan titi. Auta ba ta zuwa gidan Yaya hannu rabbana, kullum da kwando, ita kuma Yaya ta cika mata shi da bandar tarwaɗa. Yaran Auta suka yi ƙiba, aka sa sabon kwano a rufin ɗakinsu. Yaya ta ji daɗi har cikin ranta, don ita ta goyi Auta, ta kuma san irin wahalar da ta sha a farkon aurenta.

Amma mutane suna da ido. Rani na zagayowa maƙwabcin Makanike ya yi nasa datsin. Na gaba da shi ma ya yi. Kafin 'yan shekaru, in ka bi rafin sama, datsi ne bayan datsi, kowanne da inji a kansa yana ƙara, tiyo a miƙe cikin gonaki kamar macizai. Da farkon rani kowa yana barin kafa. In zafi ya tsananta, shuka ta fara langaɓewa da rana tsaka, sai mutum ya dubi ruwan da ke wucewa ta gefen datsinsa, ya ɗauko buhu ɗaya ya toshe. Ba wanda ya yi don mugunta. Kowa iyalinsa yake tunawa.

Yaya ta fara gane akwai abin da ke damun mijinta ne daga fitarsa ta safe. Da, in ba sana'a zai tafi ba, sai ta yi ta fama kafin ya tashi daga tabarma. Yanzu kuwa gari na wayewa sai ya zagaya bayan gida, ya tsuguna a kan tsakuwar da ruwa ke bi ya shiga gurbin ɓaure, ya sa tafin hannu. Ruwan da yake rufe idon sawu ya koma iyakar yatsu. Daga nan ya koma danshi. Ran nan ya dawo ya ce mata, "Tsakuwar ta bushe."

"Ai damina ta kusa, Maigida," in ji ta, tana hura wuta.

Ya wuce ya shiga ɗaki.

Gurbin ya fara sauya kala. Ruwan da ake hango ƙasansa ya koma kore, gansakuka ta rufe gefe, in ka sa ƙafa da yamma sai ka ji shi kamar an sirka. Matan unguwa suka daina wanki a wurin, wai yana sa kaya wari.

Wata safiya hayaniya ce ta fito da Yaya daga ɗaki. Ta tarar da bakin gurbin cike da mutane, mata da maza, kowa da abin da ya samu, daro, kwando, buhu, wata har da tukunyar girki. Saman ruwan ya yi baƙi da kawunan kifi, sun taso suna buɗe baki suna rufewa. Wasu sun juya farin ciki sama. Ba taru, ba ƙugiya, da hannu ake ɗauka. Karfasa mai faɗin faranti, kurungu, ƙawara, da irin manyan kifin da Yaya ba ta taɓa sanin akwai su a bayan gidanta ba.

Ita ma ta ruga ta ɗauko daro. Ta cika ta kai gida, ta dawo ta sake cikawa. Ana ta shewa, ana zamewa cikin laka ana dariya. Wata maƙwabciyarta ta ce, "Yau dai Allah ya kawo mana har ƙofar ɗaki!" Sai a wani zuwan Yaya ta lura da Dogo. Yana zaune a kan saiwar ɓauren, ya haɗa kai da gwiwa, ko wandonsa bai naɗe ba.

"Maigida, taso mana ka kama min! Ka ga za a kwashe."

"A kwashe," in ji shi. "In ba a kwashe ba ruɓewa za su yi."

Ba ta tsaya ta fahimci maganar ba. Ta hura murhu biyu, ta ari wuƙa mai kaifi, ta zauna gyara. Ta farke cikin babbar karfasa ta farko, sai ga ƙwai cunkus. Ta biyu ma haka. Ta uku ma. Ta ja wata tarwaɗa mai kaurin cinya, ita ma cikinta dam da ƙwai, damina kawai take jira. Yaya ta ajiye wuƙar, ta dubi tarin kifin da ke gabanta, ta dubi kwanon da ƙwan ke taruwa a ciki. Tun da ta zo gidan nan ba ta taɓa samun kifi mai yawan wannan ba. Ta ɗauki wuƙar ta ci gaba, don ba a barin kifi ya jira.

Kwanaki aka yi unguwar na cikin hayaƙi. Abin da hannu bai kai gare shi ba ya kumbura a gurbin, ɗoyi ya hana mutane cin abinci a tsakar gida.

Akwai sauran ƙananan gurabe a ƙasa da ba su mutu ba tukuna. Saboda su Dogo ya sa takalmi ya bi gaɓa zuwa sama, Yaya ta yafa mayafi ta bi shi. A kan busasshen yashin tsakiyar rafin suka yi tafiyar. Suka sami Makanike a gona, ya naɗe wando, yana bin ruwa kwami kwami, 'yan fagagen shukar nan da ake kewayewa da ƙasa. Datsinsa a toshe yake ruf, ruwa ya taru a bayansa shuɗi shar.

Makanike ya kashe injin. Ya kasa haɗa ido da su.

"Na ji abin da ya faru, Yaya Dogo. Wallahi kwanan nan na toshe. Na sama ne suka fara, abin da ke zuwa min bai kai ya kawo ba."

"Ban zo faɗa ba, ƙanena. Roƙo na zo yi. Ka buɗe, ko na ƙasan za su sha."

Auta ta fito daga bukkar gona da goyo a baya. "Yaya Dogo, albasar nan saura kaɗan ta nuna. In ya saki ruwan nan da me zai ƙarasa ta?"

Makanike ya dubi gonarsa, ya dubi Dogo. Sai ya gangara ya kama buhun farko ya fizge. Dogo ya shiga ya taya shi. Ruwa ya ɓalle da ƙarfi, ya yi kumfa, ya miƙa kan yashi. Su huɗun suka bi shi a gefe kamar masu rakiyar baƙo. Yana tafe yana raguwa, yashi na shanyewa. Kafin su kai lanƙwasa ta biyu ya zama siriri, sannan ya zama laima, sannan ya tsaya. Ko rabin hanya bai kai ba.

Dogo ya wuce sama shi kaɗai, yana bi datsi datsi yana sallama. Wani ya ba shi haƙuri, wani ya ce in na gaba da shi ya buɗe shi ma zai buɗe, wani ko injinsa bai kashe ba balle ya ji abin da ake faɗa. Ya dawo da yamma ƙafafunsa sun yi furu-furu.

Ƙananan gurabe suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Albasar Makanike ita ma ta ƙone a tsaye, don ruwan da ya saki bai sake taruwa ba.

Bayan wannan ne 'yan'uwan suka ɓata. Auta ta zo gidan Yaya ba kwando a hannu, ta ƙi zama.

"Kun sa ya zubar da ruwan banza a yashi, Yaya. Ku ba ku samu ba, mu kun hana mu. Yanzu me zan ba yaran nan?"

"Ke Auta, ni kike faɗa wa haka? Wa ya fara tare rafin?"

"Mijinki ya nuna masa wurin! Da hannunsa ya jera buhunan!"

Dogo yana cikin ɗaki, kuma ƙofa a buɗe take. Yaya ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta nuna wa Auta hanya ta ce, "Fita." Tun da aka haifi Auta, Yaya ba ta taɓa ce mata ta fita daga ko'ina ba. Auta ta fita tana kuka. Da Yaya ta shiga ɗaki ta sami Dogo kwance ya juya wa ƙofa baya. Ya ce, "Da kin bar ta. Ai ba ƙarya ta yi ba."

Damina ta zo da ƙarfi a shekarar. Ruwa ya share buhunan yashi, ya cika rafin baki da baki, ya haura fadama har gindin katangarsu. Mai wucewa zai ce komai ya dawo daidai. Dogo ya tura kwale-kwale ya fita da taru. Ya dawo da 'yan ƙananan da ba su cika ƙwarya ba. Kashegari ma haka. Kifin da ya kamata ya haye ciyayi ya yi ƙwai shi ne aka yi banda da shi tun da rani, wanda ke haurowa daga kogi kuma bai taka kara ya karya ba. Ga ruwa iya ganin ido, amma ba komai a ciki. Murhun Yaya ɗaya ya yi sanyi har kaza ta fara ƙwai a cikinsa.

Da kaka ta wuce aka sake jera buhuna a sama. Makanike ma ya jera nasa, don ba shi da wata hanya. Masuntan unguwar suka fara ɗaure kaya. Akwai wani babban tafki mai nisa, tafiyar yini da kwana a mota, an ce can har yanzu ana samu. Matasa suka fara tafiya, sannan magidanta.

"Kai ma?" in ji Yaya, da ta ga ya sauko da tarunsa yana ninkewa. "Da furfurar taka?"

"To me zan zauna in yi, Yayar Auta?" Haka yake kiranta in yana son ya sa ta murmushi. "In zauna kina kallona ina kallonki? Rani ɗaya ne. Hadari na fara haɗuwa za ki gan ni."

Ta wanke masa kaya, ta ɗinke aljihun rigarsa da ya yage, ta sa masa bargo a buhu. Ya ce bargon ya yi nauyi, ta ce ai ba a kansa zai ɗauke shi har can ba. Ta raka shi bakin titi. Aka ɗaure kayansa a saman mota tare da na sauran, ya leƙo ta taga ya ce ta riƙa kwashe ruwan da ke taruwa a kwale-kwale kada katakon ya ruɓe.

Yakan kira ta a waya in sun fito gaɓa. Ya ce ruwan can ba irin nasu ba ne, ba a ganin ƙarshensa, kuma iska ke juya shi. Shi da ya saba ya kalli fuskar rafi ya san inda kifi yake, a can bin yara yake yi suna nuna masa. A bukkar leda suke kwana a bakin ruwa, ga sauro, ga raɓa. Yana faɗa yana dariya. Amma tana jin tari a tsakanin dariyar.

"Ka sha magani?"

"Mura ce kawai. Bargonki na aiki."

Hadari ya haɗu, ruwa ya sauka, bai dawo ba. Ya ce lokacin ne ake ɗan samu, ta ƙara haƙuri. Damina ta wuce, wani ranin ya shigo. Kiran ya fara gajarta, don in ya yi magana mai tsawo numfashinsa sarƙewa yake yi. Ran nan wayar ta yi ƙara, ta ɗauka, sai ta ji muryar wani maƙwabcinsu da suka tafi tare. Ya ce Dogo ya kwanta, ba ya iya tashi, ya hana a gaya mata, amma shi ya ga abin ya wuce a yi shiru. A zo a ɗauke shi.

Yaya ta tsaya a tsakar gida da waya a hannu. Unguwar ba sauran namiji mai ƙarfi. Mijin 'yarta yana wani gari wajen aiki. Ta ja mayafi ta bi gaɓa zuwa sama, hanyar da ta fi shekara ba ta bi ba.

Auta na tankaɗe a ƙofar ɗaki ta ɗago kai ta gan ta. Rariya ta faɗi daga hannunta. Ba wadda ta tuna da gaisuwa. Yaya ta buɗe baki ta ce "Yayanku ne, an ce a je a ɗauko shi." Auta ta rungume ta, garin da ke hannunta ya ɓata mata mayafi.

Makanike bai tsaya tambaya ba. Ya bar injinsa a hannun maƙwabci a tsakiyar ban-ruwa, ya sami direban da ke kwasar musu kayan gona, suka shimfiɗa katifa a bayan motar suka kama hanya. Auta ta bi Yaya gida. Tare suka share ɗakin, suka shanya shimfiɗa, suka jira.

Da motar ta tsaya a ƙofar gida Makanike ne ya sauko da shi a hannu, kamar yadda ake ɗaukar yaro. Yaya ta ga ƙafafunsa sun rame kamar sillen kara. Dogo ya buɗe ido ya ga Auta a tsaye tana share hawaye.

"Mai kunnen ƙashi," ya ce da kyar. "An shirya ke nan?"

"An shirya, Yaya Dogo. Ka yafe min abin da na faɗa."

"Wanne a ciki? Ai suna da yawa."

Ta yi dariya tana kuka.

Sun kai shi asibiti. Likita ya duba ƙirjinsa, ya ba da magani, ya ja Makanike gefe ya yi masa magana a hankali. Suka dawo da shi gida. Yaya ta jawo gadonsa kusa da taga don ya sha iska. Tana ba shi ruwa da cokali, tana juya shi, tana shafa masa mai a baya. Makanike kullum sai ya zo bayan ya tashi daga gona, ya zauna a bakin ƙofa ya yi ta juya hularsa a hannu.

Wata yamma Dogo ya kira shi ciki.

"Ƙanena, na ga kana ɗaukar abin da ba naka kaɗai ba. Ajiye. Ko ba ka tare ba wani zai tare." Ya huta. "Ka riƙe min yayarku."

Makanike ya sunkuyar da kai.

Dogo bai taɓa tambayar gurbin ɓaure ba, ko da yake daga tagar in ya ɗaga kai zai hango rassan. Yaya ta lura in ta buɗe labule sosai sai ya juyar da fuska, sai ta riƙa barinsa a rabi. Ya rasu da hantsi, tana jiƙa masa leɓe, saura kaɗan damina ta faɗi. 'Yarsu tana hanya, ba ta same shi ba.

Bayan an gama zaman makoki 'yar ta so ta tafi da ita birni. Yaya ta je ta yi ɗan lokaci, ta kasa. Ɗaki ɗaya ne a saman bene, ga yara, ga surukin da take jin nauyinsa. Ta dawo unguwar masunta ta tarar gidaje da yawa a rufe, ciyawa ta fito a cikin murhunanta, kwale-kwalen ya tsage daga ƙasa. Auta ta zo ta same ta zaune a ɗaki da rana tsaka ba ta ɗora komai a wuta ba.

"Tashi, Yaya. Haɗa kayanki."

"In je ina?"

"Gidanki. Baban yara ya gyara miki ɗakin da ke kusa da nawa. In kin ƙi tashi ni ma a nan zan zauna, ya zo ya kwashe mu tare."

Kayan ba su da yawa. A tafiya ɗaya motar ta kwashe.

Yaya ba ta iya zaman banza ba. Ta yi kwanaki tana taya Auta aikin gida, amma gidan hannaye sun yi masa yawa. Da rani ya shigo aka dasa albasa, sai ta ɗauki fartanya ta bi Makanike gona. Ya yi ta roƙonta ta koma, ta ce masa ya nuna mata kawai yadda ake yi. Ya nuna mata. In inji ya turo ruwa cikin magudana, sai ka sare bakin kwami ruwa ya shiga, in ya cika ka mayar da ƙasar ka toshe, ka buɗe na gaba. Ba ta daɗe ba ta ƙware, har ta fi 'yan ƙwadago hanzari.

Ba ta taɓa gangarawa wajen datsin ba. Daga inda ruwa ya shigo gona aikinta yake farawa. Takan tsaya cikin magudanar ba takalmi, ruwan mai sanyi yana bi ta kan ƙafafunta yana wucewa. Wani lokaci sai ta shagala tana kallonsa har kwami ya cika ya tumbatsa, sai wani ya yi mata magana daga nesa.

Ran nan Auta ta kawo abinci gona da rana. Ta ajiye a inuwar bukka ta ƙwala mata kira.

"Yaya, ki fito haka nan, rana ta yi. Abinci zai huce."

Yaya ta share fuska da gefen mayafi, ba ta waiwayo ba.

"Fara ci, Auta," ta ce. "Bari in ƙarasa wannan layin."